Tankar T-72 a kan sikeli: na'urar ɗuri ta biya kuɗinta, rediyon kuwa da sauran magana

Tankar T-72 tana cikin manyan kayan yaƙin da Najeriya ta shigo da su daga Gabashin Turai a tsakanin 2014 da 2015, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa. Har yau idan aka zauna hirar kayan soja a Kaduna, garin da ke da makarantar horar da hafsoshi ta NDA da hedikwatar Runduna ta Ɗaya da masana'antar ƙera kayan yaƙi ta DICON, ga kuma barikin horar da soja na Jaji a gefe, da wuya a tashi ba a ambace ta ba. Galibin hirar a kan girman igwarta da kaurin sulkenta take tsayawa. Abin da zan auna a nan shi ne na'urar da ke ɗura wa igwar harsashi ba tare da hannun mutum ba, da kuma rediyon da mutanen cikin tankar ke magana da shi, kamar yadda aka ƙera su tun daga masana'anta. Na haɗa su a bita guda ne domin a haɗe suke, kuma wanda ya sayi ɗaya bai duba ɗayan ba ya yi cinikin biri a sama.

An fara amfani da T-72 a rundunar Tarayyar Sobiyet a 1973, kuma masana'antar Uralvagonzavod da ke Nizni Tagil ce ta ƙera ta. Ba ita ce ta fara zuwa da na'urar ɗuri ba. Faransa ta riga ta sa wata a ƙaramar tankarta AMX-13 tun shekarun 1950, mai ganguna biyu da kowace ke ɗaukar harsashi 6, sannan a cikin gidan Sobiyet ɗin ma T-64 da Aleksanda Morozov ya tsara a Karkif ta riga ta da wasu shekaru. Abin da T-72 ta yi shi ne ta sauƙaƙa tsarin, ta mayar da shi mai aiki da lantarki da giya maimakon matsin mai, ta yadda za a iya ƙera dubbai kuma soja mai ɗan taƙaitaccen horo ya iya sarrafa shi. Wannan ne ya sa ta bazu a duniya, har ƙasashe irin su Polan da Cekoslobakiya da Indiya suka riƙa ƙera nasu da lasisi.

Mutum uku ne a ciki: direba a gaba, sai maharbi a hagu da kwamanda a dama a cikin ƙoƙon tanka, wato ɓangaren sama mai juyawa da ke ɗauke da igwa. Igwar mai faɗin baki milimita 125 ce, kuma harsashinta kashi biyu ne, kan harsashin daban, ƙunshin albarushin da ke cilla shi daban. A ƙarƙashin ƙafafun maharbi da kwamanda akwai wani faifai mai juyawa da ke da gurabe 22 a kewaye kamar gurabun tandar masa, kowane gurbi da kwandon ƙarfe mai hawa biyu, kan harsashi a kwance a ƙasa, albarushi a kwance a samansa.

Yadda ɗurin ke gudana shi ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin a nan ne ƙwarewar waɗanda suka tsara na'urar ta bayyana. Maharbi zai murɗa makunni ya zaɓi irin harsashin da yake so, ko mai huda sulke, ko mai ratsa sulke da ƙarfin fashewa, ko mai tarwatsewa, sannan ya danna maɓalli. Akwai ma'ajiyar ƙwaƙwalwa da ta riƙe abin da aka sa a kowane gurbi tun lokacin lodi, don haka faifan zai juya har sai gurbin da ake nema ya zo daidai bayan gindin igwa. A daidai wannan lokaci igwar za ta ɗaga bakinta zuwa kusan digiri 3 ta kulle kanta a nan, amma madubin saitin maharbi ba ya barin abin da yake kallo. Sai marfin ƙasa ya buɗe, wani hannun ƙarfe ya ɗago kwandon sama har hawan ƙasa ya yi daidai da gindin igwa, wata sarƙa mai tauri ta miƙe ta tura kan harsashin ciki ta koma. Kwandon ya ɗan sauko kaɗan, sarƙar ta sake miƙewa ta tura albarushin, gindin igwa ya rufe. Jikin ƙunshin albarushin ƙonewa yake yi tare da harbi, abin da ke saura gindinsa ne na ƙarfe, kuma wannan kwanson ana cilla shi waje ta wata ƙaramar taga a bayan rufin ƙoƙon. Daga nan igwa ta koma kan saiti. Duk wannan yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 7 idan harsashin da ake so yana kusa, kuma a takarda ana iya harba har guda 8 a minti ɗaya.

A idon wanda ya saba da injinan masana'anta, kamar yadda na saba da su a sana'ata, wannan aiki ne mai tsafta. Babu wani sihiri a cikinsa: motocin lantarki ne da giya da ƙananan makunnai masu sanar da cewa mataki kaza ya kammala kafin na gaba ya fara. Kowane mataki yana jiran wanda ya riga shi ya kammala, shi ya sa ba ta tura albarushi alhali kan harsashi bai zauna ba. Na'urar ba ta gajiya, ba ta jin jiri, kuma gudunta ɗaya ne ko tankar na tsaye ko tana tsalle a kan kunyoyin gona. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Kan harsashi mai tarwatsewa kaɗai ya kai kilo 23, albarushinsa kuma kusan kilo 10, kuma duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Arewa zai iya kwatanta halin mutumin da ke ɗaga wannan nauyi a cikin akwatin ƙarfe da ke rufe yana girgiza. Gwanin mai ɗuri a tankar Amurka ko ta Jamus yana iya riga na'urar a harbin farko-farko, amma idan faɗan ya yi tsawo na'urar ce ke cin gaba.

Babbar ribar da Sobiyet ta nema ba saurin harbi ba ce. Mai ɗuri yana bukatar wurin tsayawa da wurin juyi, kuma duk faɗin da aka ƙara a cikin tanka sai an lulluɓe shi da sulke. Da aka cire shi sai tankar ta gajarce ta kuma yi sauƙi: tsayinta kimanin mita 2.2 ne, nauyinta tan 41 zuwa 45 gwargwadon samfuri, alhali Abrams ta Amurka da Leopard 2 ta Jamus na yanzu sun haura tan 60. Ga ƙasa irin tamu wannan bambanci yana da ma'ana ta zahiri, domin tanka ba a kan sarƙarta take zuwa fagen daga ba, a kan babbar tirela ake ɗaukar ta, kuma gadojin karkara da ƙasa mai laka ta damina ba su san sunan masana'anta ba, nauyi kawai suka sani. A wannan fanni na ba na'urar maki mai kyau ba tare da wani ɗari-ɗari ba.

Aibobinta ma a fili suke. Faifan gefe ɗaya kawai yake juyawa, saboda haka idan harsashin da ake nema ya riga ya wuce sai an kewayo, kuma ɗurin na iya kai wa daƙiƙa 15. Faɗin faifan ya ƙayyade tsawon harsashi mai huda sulke, wanda kuwa ƙarfinsa a tsawonsa yake, ko da yake wannan bai dame mu sosai ba tunda abokan gabarmu ba da tankoki suke zuwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da na'urar ta tsaya. Akwai hannayen murɗawa da aka tanada domin a juya faifai a ɗago kwando da ƙarfin mutum, amma sai harbi ya koma ɗaya ko biyu a minti, kuma kwamanda ne zai bar kallon fage ya koma aikin ɗuri. Injin da ya dogara da ƙananan makunnai ba shi da maƙiyi kamar ƙura, kuma ƙurar hunturu tamu mai laushi ce, tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga, ta haɗu da giris ta zama tamkar laka. Tankar da aka saya ta hannu, wadda ta yi shekaru a ajiye a wata ƙasa mai sanyi, ba za ta yafe wa wanda ya yi sakaci da goge-goge da gwajin kullum ba.

Sai kuma aibin da kowa ya gani a hotuna, wato ƙoƙon tanka da ya tashi sama ya faɗo gefe. An gan shi a Iraƙi a 1991, an gan shi a Girozni, babban birnin Checheniya, a 1995, an sake ganinsa a Siriya da Yukren. Dalilin shi ne mutane da albarushi a ɗaki ɗaya suke, babu bango a tsakani, kuma idan wuta ta kama ƙunshi ɗaya sai ta bi sauran. Amma a nan ina ganin ana ɗora wa faifan laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Faifan yana can ƙasa ne, a wurin da harbi bai cika samu ba. Tankar kuwa tana ɗaukar harsashi 39 zuwa 45 gwargwadon samfuri, kuma duk abin da ya haura 22 ɗin nan a soke yake a lungu-lungu, wasu a jikin bango, wasu a gurabun da aka yi a cikin tankin mai, wasu a kusa da kujeru. Waɗannan ne suka fi saurin kamawa, shi ya sa sojojin da suka ga jiya suka ga yau sukan shiga faɗan cikin gari da abin da faifai ya ɗauka kawai. Hujjar cewa matsalar ta wurin ajiya ce ita ce Leclerc ta Faransa da K2 ta Koriya ta Kudu da Type 10 ta Japan, waɗanda duk suna da na'urar ɗuri amma sun sa ta a bayan ƙoƙo, a ɗakin da aka raba da na mutane. Abrams ma, duk da cewa mutum ne ke mata ɗuri, haka ta yi: harsasai a bayan ƙofar sulke, da rufin da aka tsara ya ɓalle sama idan wuta ta tashi. VT-4 ta kamfanin Norinco na ƙasar Sin, wadda ta iso Najeriya a Afrilun 2020, sabuwa ce ta fuskar madubai da kwamfuta da inji, amma a ɓangaren ɗuri faifai ne mai gurabe 22 a ƙarƙashin mutane, gadon T-72. Ga yaƙin da ake binne bam a hanya, ajiye albarushi a kusa da cikin tanka abu ne da ya kamata a yi wa kallon tsanaki.

Duk wannan sananne ne. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne aikin da mutum na huɗu yake yi ban da ɗuri. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ke Kawo, tsohon sojan sulke da muke kira Baba Saje, wanda ya yi aiki a tanka mai mutum huɗu. Na taɓa tambayarsa bayan sallar La'asar, muna zaune a kan benci a ƙofar shagon wani tela, ko da a ce an ba shi na'urar da za ta hutar da shi ɗaga harsashi zai yi murna. Sai ya miƙo hannunsa na dama ya juya shi, ya nuna mini babban yatsan da farcensa ya tsage bai sake fitowa daidai ba, ya ce, "Ɗana, ɗuri ai shi ne ƙaramin aikina." Ya lissafa mini sauran da yatsu: shi ke saita rediyo ya sauya zango idan lokaci ya yi, shi ke leƙa gefen da kwamanda ba ya gani, shi ke riƙe guduma idan sarƙa ta tsinke, shi ke karɓar gadin tsakar dare, shi ke dafa shayi. Maganarsa ta yi daidai da tsarin Birtaniya, wanda tankar Vickers Mk 3 da Najeriya ta fara saya a farkon shekarun 1980 ta fito daga cikinsa, inda mai ɗuri shi ne kuma mai kula da rediyo. Lissafin ba shi da wuya: tankoki uku masu mutum huɗu-huɗu suna da mutum 12 da za su raba gadi da gyara, masu uku-uku kuwa 9 ne, alhali nauyin sarƙa da tsawon dare ba su ragu ba.

A T-72 duk aikin rediyo ya koma kan kwamanda. Shi ne zai nemo abin hari, ya ba direba hanya, ya ba maharbi umarni, ya saurari na sama da shi, ya amsa wa tankokin da ke gefensa, idan na'urar ɗuri ta cije kuma ya zama mai ɗuri. Mutumin da aka ɗora wa wannan kaya ya cancanci rediyon da ba ya neman kulawa, kuma ba shi aka ba shi ba.

Rediyon da tsofaffin samfuran T-72 suka zo da shi shi ne R-123. Yana aiki a tsakanin megahaz 20 zuwa 51.5, ƙarfinsa wat 20, kuma da eriyar sanda mai tsawon mita 4 yana kai magana kimanin kilomita 20 a fili mai sauƙi, wanda bai kai nisan Kawo zuwa Jaji ba. Zango huɗu kawai ake iya saitawa a ajiye domin sauyawa da sauri, duk wani zango na biyar sai an zauna an murɗa an daidaita eriya. A cikinsa akwai bawul irin na rediyon da, shi ya sa yake cin batir yake kuma zafi, har ƙa'idar aikinsa ta ce lokacin sauraro ya ninka na magana sau uku, kuma kada a wuce minti 10 ana watsa magana ba hutu. Wanda ya gaje shi a shekarun 1980, wato R-173, ya fi shi ta kowace fuska: tiransisto ne, yana aiki daga megahaz 30 zuwa kusan 76, yana riƙe zango 10, kuma yana daidaita eriyarsa da kansa. Tankar kwamandan bataliya takan ƙara da R-130 mai gajeren zango, da dogon turken eriya mai mita 10 da ake kafawa idan an tsaya, kuma sai an rage harsasai kafin a sama masa wuri.

Yabon da zan yi wa waɗannan rediyoyi gajere ne amma na gaskiya. Ƙarfe ne mai jure duka, makanikin da ya san lantarki zai iya buɗe su ya gyara, kuma tsarin maganar cikin gida da ke haɗe da su abin koyi ne. Hular tankar Sobiyet ta zane ce mai kushin a jere daga goshi zuwa ƙeya domin kare kai daga bugun ƙarfe, da abin sauraro a kunnuwa, sai ƙananan makirufo biyu da ake ɗaurewa a wuya su danne gefen maƙogwaro. Ba iskar baki suke ɗauka ba, motsin maƙogwaron suke ɗauka, saboda haka rugugin inji da ƙarar sarƙa ba sa shiga maganar. Muryar takan fito a daƙushe, amma ana gane ta. A ƙirji akwai ɗan makunni mai raba tsakanin magana da abokan cikin tanka da magana da waje.

Aibin kuwa guda ne babba: magana a buɗe take fita. Duk wanda ke da na'urar sauraro da ta kai wannan zango zai ji umarnin kwamanda kamar yadda direbansa ke ji, zai iya gano inda maganar ke fitowa, zai iya danne zangon da hayaniya, zai ma iya shiga ya ba da umarnin ƙarya. Wannan ya faru a Girozni, inda mayaƙan Checheniya, waɗanda da yawansu sun yi aikin soja a rundunar Sobiyet kuma suna jin Rashanci sarai, suka riƙa sauraron rundunar Rasha suna shiga layinta. A 2022 ma an ji maganganun sojojin Rasha a buɗe a Yukren, har an ga wasunsu da oba-oban kasuwa irin na Baofeng. Maganin wannan cuta an daɗe da samunsa. Rediyon SINCGARS na Amurka, wanda ya shiga aiki tun wajen 1990, yana da zango 2,320 a tsakanin megahaz 30 zuwa 88, yana tsalle daga wani zuwa wani fiye da sau 100 a daƙiƙa guda bisa tsarin da shi da abokin maganarsa kaɗai suka sani, ga kuma kulle maganar kanta. Rasha ma ta bi sahu da jerin R-168. Saboda haka wanda ya karɓi T-72 da rediyonta na asali a wannan zamani ya karɓi abin da masu ita da kansu suka yi watsi da shi.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar runduna mai kaya daga ƙasashe daban-daban, kuma tamu tana da na Birtaniya da na Sobiyet da na Sin da wasunsu. R-123 ya haɗu da rediyoyin Yamma ne a tsakanin megahaz 30 zuwa 51.5 kawai, kuma ko a nan ɗin akwai ƙulli, domin rediyoyin Yamma da yawa ba sa buɗe kunne sai sun ji wani ɓoyayyen sauti mai haz 150 da ɗan'uwansu ke aikowa tare da magana, wanda na Sobiyet ba ya aikawa, sai dai a kashe wannan tsaro a haƙura da shuuu ɗin da ba ya yankewa. Oba-oban kasuwa kuwa, irin wanda masu gadi da 'yan sa-kai ke rataye da shi, yana can a megahaz 136 zuwa 174 da kuma sama da 400, ko kusa bai zo inda rediyon tanka yake ba. Ga kuma ƙasa: wannan rukunin zango kusan a miƙe yake tafiya, dutse yana tare shi, daji mai duhu yana shanye shi. Wanda ya san duwatsun Kajuru da Kagoro, ko dazukan Birnin Gwari, ko tsaunukan Gwoza, ya san cewa kilomita 20 ɗin takarda ba za su cika a can ba.

Tarihin tanka ya riga ya yanke hukunci a kan wanne ya fi tsakanin igwa da rediyo. Heinz Guderian, wanda ya gina rundunar sulken Jamus, hafsan sadarwa ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma shi ya dage a sa rediyo a kowace tanka, har Panzer III da Panzer IV suka zo da mutum na biyar wanda aikinsa ke nan. A 1940 Faransa tana da tankokin da suka fi na Jamus kaurin sulke, amma da yawansu da tuta suke magana. A 1941 T-34 ta Tarayyar Sobiyet ta fi abokan karawarta igwa da sulke, amma galibi tankar kwamanda ce kaɗai ke da rediyo, sauran suna bin ta a baya suna kallon tutarsa. An ci su duka biyun a waɗannan shekaru, kuma rashin magana yana cikin manyan dalilai. Mu ma a gida ba baƙi ba ne ga darajar wannan fanni, tunda marigayi Janar Murtala Muhammed daga rundunar sadarwa ya fito.

Yaƙinmu ya ƙara wa wannan hukunci nauyi. Tankar da ke Arewa maso Gabas ba da wata tanka take karawa ba, da mutane a kan babura da motocin a-kori-kura masu bindiga take karawa, da mai roka a bayan bishiya, da bam a ƙarƙashin yashi, yanzu kuma har da ƙananan jirage marasa matuƙa. A irin wannan fage bambanci tsakanin ɗurin daƙiƙa 7 da na daƙiƙa 10 ba shi ne ke raba rai da mutuwa ba. Abin da ke raba su shi ne ko sojan ƙafa da ya hango mai roka zai iya gaya wa kwamandan tanka kafin a harba, da ko kwamandan zai iya kiran jirgi ko igwar nesa ba tare da maƙiyi ya ji ba. Idan an rufe ƙofofin T-72, abin da mutanen ciki ke gani ɗan kaɗan ne ta ƙananan madubai, kuma gudunta da baya bai wuce kilomita 4 ko 5 a awa ba, wanda ke nufin idan ta shiga tarko ba ta da saurin janyewa. Tanka mai irin wannan hali da kunnenta take rayuwa.

Saboda haka shawarata ga mai saye ita ce ya karɓi na'urar ɗurin, da sharaɗin a haɗo masa da safaya na motoci da makunnai da sarƙar turawa, a kuma horar da kanikawa a kanta kafin tankar ta bar tashar jirgin ruwa, sannan a mayar da ɗurin hannu darasin da ake maimaitawa a kai a kai. Rediyon kuwa a cire shi tun ranar farko a sa na zamani mai tsallen zango da kulle magana, iri ɗaya da wanda ke hannun sojan ƙafa da motocin sulke, ko da hakan zai sa a rage yawan tankokin da za a saya. Kuɗin rediyo ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin tanka, amma da yake ba ya fitowa a hoton faretin da ake ɗauka, shi ake fara yankewa a kasafi.

Akwai kuma ƙaramin abu guda da T-72 ba ta zo da shi ba wanda ba sai an je ƙasar waje ba. A 1944 sojojin Amurka sun riƙa ɗaura wayar tarho ta fage a bayan tankar Sherman, a cikin akwatin harsashi da babu komai, suna haɗa ta da layin cikin gida domin sojan ƙafa ya yi magana da kwamanda kai tsaye, kuma da suka shiga faɗan cikin garuruwan Iraƙi sai da suka mayar da irinta a bayan Abrams. Akwatin ƙarfe ne mai hana ƙura, da kan tarho, da waya mai ɗan tsawo yadda soja zai iya kwanciya a gefe yana magana, da fitila a ciki mai sanar da kwamanda cewa ana kiransa. Garin da DICON da sashen injiniyoyin soja na Rigachikun suka haɗa motar sulke ta Ezugwu a 2019 ba zai gaza yin wannan ba. Abin lura kawai shi ne wurin da za a kafa shi, domin bayan T-72 a cike yake da gangunan mai guda biyu da gungumen fitar da tanka daga laka, hayaƙin inji kuma ta hagu yake fita, don haka kusurwar dama ce ta dace, tare da ƙa'idar cewa direba ba zai sa giyar baya ba muddin fitilar tana kunne.